Ranar da Aka Sauke Hannun Alhaji Sambo

Ku 'yan yanzu kuna ba ni dariya, wallahi. Jiya na ji ɗayanku yana cewa ɗora takarda a shafin intanet ba sana'a ba ce, wai danna nan, danna can, shi ke nan, ko akuya za ta iya in an ba ta kalmar sirri. To madalla da akuyarku. Ni Larai 'yar Tanko mahauci, da wannan danne-dannen da kuke rainawa na tsufa, kuma da shi na taɓa fitar da mutum daga hannun jandarma. Ku kife wayoyin nan a kan tebur, ku ja benci ku zauna.

Takardar farko da na buga a duniya wasiƙar neman rumfa ce a kasuwar Garwa, kuma sau huɗu Madam Rozali ta yaga ta a gabana. Madam Rozali mutuniyar Kudu ce, tana da ɗan shagon buga takardu kusa da babbar kasuwa, injin tafireta uku da injin juya stansil ɗaya. Babana ne ya kai ni wurinta da ƙafarsa. Kakansa daga ƙasar Katsina ya biyo shanu ya zauna a nan, saboda haka a gida Hausa muke yi, a kasuwa Fulatanci, amma Faransanci ko gaisuwa babana bai iya ba. Ya gaji da sa yatsa a ƙasan takardar da bai san abin da ke cikinta ba. Da na gama lekol, wato makarantar boko, sai ya ce wa Madam, "Ga ta nan, ki koya mata, in ta yi wasa ki doke ta." Ita kuwa ba ta jira a faɗa mata sau biyu ba. Tana da wata rula ta katako, harafi ɗaya ka kuskure sai ka ji ta a bayan yatsu. Dokarta ɗaya ce: takarda ba ta fita sai an karanta ta sau uku, na ukun kuma daga ƙasa zuwa sama, don ido ya daina yi wa kansa alfarma. Har yau haka nake karatu.

Na yi zamanin takardar kabon, na yi zamanin stansil da tawada har gwiwar hannu. Lokacin da aka karya darajar kuɗin sefa, albashi ya daina isar ma'aikata, Madam ta sayar da injinanta ta koma garinsu. Ni kuma ƙungiyar mahauta da dillalan shanu ta ɗauke ni magatakarda, don babana mamba ne kuma babu wanda ya iya buga Faransanci a cikinsu. A can na fara ganin kwamfuta, mu nan odinatar muke ce mata, wata ƙatuwa mai ƙugi da ke cin disket. In kuran, wato lantarki, ya ɗauke, aikin wuni ya tafi, sai ka yi salati ka sake daga farko.

Shafin intanet daga baya ya zo. Wani injiniya aka turo daga Yawunde, ya yi kwana uku yana koya mini, ya bar mini littafi mai shafi goma sha biyu da lambar waya da ba ta taɓa shiga ba. Abin da ya kafa mana fuska biyu ke gare shi. Akwai gaba, inda kowa ke gani. Akwai baya, inda ba ka shiga sai da suna da kalmar sirri. A bayan nan akwai gurbin take, gurbin kwanan wata, gurbin maƙala takarda, sai maɓallai uku: na wallafawa, na saukewa daga idon jama'a, da na gogewa ɗungurungum. Kayan aikina ke nan, sai sikana, na'urar ɗaukar hoton takarda, mai murfin da ake dannewa da dutse, da wata tsohuwar waya mai fasasshen gilashi.

Wayar nan kada ku raina ta. Sanarwar ranakun allurar shanu ce ta sa na saye ta. Na yi mata sikan mai launi, ta fito tsaf, hatimi ɗau, na ɗora ina jin daɗin kaina. Kwana biyu sai ga kira daga wani mai siber, wato shagon intanet, a Kuseri, yana haɗa mini Larabcin Cadi da Faransanci don haushi. Ya ce tun safe yake jawo takardar, telesharje suke cewa, tana kai rabi rezo, wato sabis, ya yanke, mutum goma na tsaye a kansa. Ni a Garwa ƙiftawar ido take buɗewa, ashe na ɗora wa mutane dutse. Tun ranar, duk takardar da zan saki sai na rage mata nauyi, sannan in tafi bayan kwata, inda rezo ya fi ko'ina lalacewa a garin nan, in jawo ta da tsohuwar wayar. In ta buɗe a can, za ta buɗe a Tuboro. Mahauta suna ganina sai su fara tsiya: "Madam Larai, yau kilo nawa takardar?" In ce kilo ɗari biyu, a ma'aunin kwamfuta. Sai su kwashe da dariya, wai takardata ta fi ɗan maraƙi nauyi amma ba ta yin romo.

Ku gane wani abu game da masu cin moriyar aikin nan. Dillalin shanu ba ya buɗe shafi da kansa. Mai siber yake samu, a Tuboro ko Cholire ko Kuseri, ya ce a fitar masa da takarda kaza. Mai siber kuwa ya riƙe adireshin takardar tun bara, shi yake dannawa, ba ya duba ko an sake wata. Wanda bai san wannan ba bai san aikin ba, ko da kuwa ya haddace maɓallan duniya.

Takardar da ta fi kowace fita ita ce takardar rakiyar shanu. Shafi ɗaya ce. Dillali ya sayi shanu a kasuwar ƙauye, a fitar masa da ita, wakilin ƙungiya na garin ya cika sunansa da yawan shanun da kwanan wata, ya haɗa da takardar likitan dabbobi, ya nuna a kowane shinge har Garwa. A ƙasanta akwai hatimin ƙungiya da sa hannun shugaba, waɗanda an riga an sa tun kafin in yi mata sikan. Shugaban kuwa Alhaji Sambo ne, wanda ya kafa ƙungiyar. Da ajami yake sa hannu, wani dogon zane mai wutsiya da kowane ɗan shinge daga nan har iyakar Cadi ya sani. Mutum ne da bai taɓa tsaya wa ɓarawo ba, bai kuma taɓa barin mai gaskiya ya kwana a hannu ba. Dillalai sun yi imani takardar da ke ɗauke da hannunsa ba a mai da ita.

Sai ga muguwar shekara. Hanyar Kuseri ta lalace da rashin tsaro, a kudu kuma ta wajen Tuboro satar shanu ta yi ƙamari, ana kore garke guda a wayi gari yana cikin mota. Kwata ta yi sanyi, mahauci uku su haɗu a kan sa ɗaya. Hukuma ta ce dole takardar rakiya ta canza: a ƙara gurbin sunan wanda ya sayar, da gurbin shaidar kowace dabba, launinta, ƙahonta, da zanen wutar da ke jikinta. Muna cikin shirya sabuwar, Allah ya yi wa Alhaji Sambo rasuwa. Aka naɗa ƙanensa, Alhaji Iliyasu, wanda nake kira Bappa don tare suka tashi da babana. Ya sa hannu a sabuwar, na yi sikan, na rage nauyi, na gwada a bayan kwata, na wallafa.

Saura in sauke tsohuwar. Da yake abu ne na shugaba, na je na sanar da Bappa, ina tsammanin zai ce to. Sai ya dube ni kamar na zage shi.

"Larai, ƙasar kabarin Yaya ba ta bushe ba, za ki cire masa hannu? Arba'in ma ba a yi ba."

Na ce, "Bappa, takarda biyu a wuri ɗaya rikici ne."

Ya ce, "Rikicin ya zo ya same ni. Ba za a ce ina hawa kujera na share ɗan'uwana ba."

Na koma na yi dabara. Na rubuta a saman tsohuwar da jan rubutu: tsohuwa, kada a yi amfani da ita. Kwana biyu wani ɗan kai-kawo ya karanta masa. Ya aiko a kira ni, ya ce, "Yayan nawa ne tsohon da ba a amfani da shi?" Na goge jan rubutun. Na yi shiru, kuma shirun nan laifina ne, ban taɓa ɗora wa kowa shi ba. Na san masu siber tsohon adireshi suke dannawa. Abin da ban sani ba shi ne su kansu dillalan, ko an nuna musu sabuwar, cewa suke yi, "A'a, ba ni ta Alhaji Sambo, ita ce mai albarka."

Saura kwana huɗu arba'in, wata safiya cikin bazara, ina buɗe biro, wato ofishinmu, wayata ta yi ƙara. Hamma Buba ne, wani ƙaramin dillali Bafulatani, mutumin kirki mai kunya, wanda shekara da shekaru yake kora wa wasu shanu da ƙafa kafin ya samu ya yi lodin motar farko ta kansa. Ko gaisuwa bai yi ba, shi da ke gaisuwa har ka gaji.

"Adda Larai, sun ce ni ɓarawo ne."

Na ce, "Su wa? Kana ina?"

Yana wani shinge kusa da Cholire. Tun jiya da la'asar aka tsare shi da bijimai ashirin da biyu a cikin mota, an hana a sauke su don an ce kayan shaida ne. Ruwa da bokiti yake miƙa musu ta tsakanin katako. Ku da kuka san bazarar ƙasar nan kun san abin da rana za ta yi wa dabbar da ke cunkushe a mota in ta kai tsaka. Na ce ya ba shugaban shingen waya.

Shef ɗin, haka muke kiran shugaban shinge, mutum ne mai magana a natse, kuma gaskiya ba zalunci yake yi ba. Da Faransanci ya ce, "Madam, wanda ya sa hannu a takardar nan ya rasu fiye da wata guda, ni kaina na ji sanarwa a rediyo. Kwanan watan takardar shekaranjiya ne. Matattu suna sa hannu a Garwa?" Na ce kuskuren ofis ne, zan aiko masa da sabuwa ta waya yanzun nan. Ya ce hoton waya kowa na iya aikowa, ɓarayi ma suna da waya. Ya ce ya buɗe shafinmu da kansa ya ga takarda biyu, shugaba biyu, ɗaya a raye ɗaya a kabari, saboda haka bai yarda da ko ɗaya ba. In muna da gaskiya, ya ga takarda ɗaya tak a shafin, ya kuma ga ta wannan mutumin a cike, da shaidar kowane bijimi, da hannun mai rai. Ya ba ni zuwa azahar. In ta wuce, Buba ya tafi gari da ankwa, shanu kuma su jira alƙali a inda suke.

Na san kalmar sirri, maɓallin yana ƙarƙashin yatsana. Da na ga dama da na danna. Amma sabuwar takardar Buba sai da hannun Bappa, kuma mutumin da ka ci amanarsa da safe ba ya sa maka hannu da hantsi. Na ja mayafi na hau acaɓa sai kwata.

Mace ba ta shiga tsakiyar kwata lokacin fiɗa, amma ranar na shiga, ina tsallake lambatun jini. Bappa yana kan bencinsa, manyan mahauta zagaye da shi. Na durƙusa na gaishe shi, na ce ina da magana ta gida. Ya ce, "Faɗi a nan, duk gida ne." Ya riga ya ji labarin Buba, domin labari ya riga ni isowa, har ana cewa dama yaushe mai kora shanu ya samu na lodin mota. Raina ya ɓaci da jin haka, amma na haɗiye. Babba ba a ce masa ka yi kuskure a gaban mutanensa. Sai na yi kamar mai neman fatawa.

"Bappa, tambaya na zo yi, ni ba malama ba ce. Mutum in ya rasu, ana kai shi shaida gaban alƙali?"

"Wace irin tambaya ce wannan? Mamaci ya yi shaida?"

"To shekaranjiya an sayi bijimai ashirin da biyu a Tuboro, Baba Sambo ne ya shaida. Bai gan su ba. Wannan karon Allah ya rufa asiri, na Hamma Buba ne, halal ɗinsa. Gobe ɓarawo na gaske zai shiga siber ya fitar da takardar nan ya cika, shi ma Baba Sambo ne shaidarsa. Yana raye bai taɓa tsaya wa ɓarawo ba. Yanzu ba shi da bakin da zai ce ba ni ba ne."

Har mai wasa wuƙa ya tsaya. Bappa ya ɗago ya dube ni. Can ya ce, "Goge shi kike so in yi ke nan."

Na ce, "Wallahi ba gogewa ba. Maɓallin gogewa daban, ban taɓa kai hannu gare shi ba. Ka zo ka gani da idonka."

Ya miƙe, ko rigar kwata bai sake ba.

A biro na fara da takardar Buba. Na kira wakilinmu na Tuboro, wanda a gabansa aka yi cinikin, ya ɗauko littafinsa yana karanto mini ina bugawa: fari mai baƙin wuya, ƙaho a miƙe, zanen wuta a cinyar dama, ja mai gutsuren kunne, haka har ashirin da biyu, da sunan mai sayar da kowanne. Agogo na gudu, Bappa na cewa in yi sauri, amma sai da na karanta sau uku, na ukun daga ƙasa zuwa sama. A nan na kama na sa wa na goma sha bakwai cinyar hagu maimakon dama. Da ta tafi a haka, da bijimi ɗaya ya isa ya kai mutum kurkuku. Bappa ya sa hannu, ya buga hatimi. Na yi sikan mai launi, don ɗan shinge sai ya ga shuɗin tawadar hatimi yake yarda, sannan na yi ta rage mata nauyi kaɗan-kaɗan har inda rubutu yake karantuwa amma rezon ƙauye zai iya ɗauka. Babu lokacin zuwa bayan kwata, sai na shiga banɗakin biro na rufe ƙofa, nan ma rezo ba ya shiga sosai. Ta buɗe.

Sannan na buɗe sabon shafi, na sa masa suna Tarihin Ƙungiya. Na ɗora hoton tsohuwar takardar, ƙarami, yadda ba za ta bugu ba, da rubutu a gicciye a kanta: don tunawa. Bappa ya matso da fuskarsa har numfashinsa yana taɓa gilashi.

"Nan zai zauna?"

"Nan zai zauna, Bappa, muddin shafin yana nan. Kowa zai ga hannunsa, babu mai iya aronsa."

"Rubuta masa addu'a a ƙasa."

Ya faɗa, na buga. Sai na nuna masa maɓallin saukewa da bakin alƙalami, na ja kujerata baya. Ya ce in danna. Na ce a'a, wannan ba aikin magatakarda ba ne, na ɗan'uwa ne. Mutumin da ya yi shekara hamsin yana kayar da sa, hannunsa ya kasa riƙe ɗan linzamin kwamfutar nan, kibiyar tana ta yawo a gilashi. Ina cewa sama kaɗan, dama kaɗan, tsaya nan. Ya yi bismillah ya danna. Sannan ya ce a hankali, "Ka huta, Yaya. Allah ya jiƙanka." Ni kuma nan take na ɗaura tsohon adireshin a kan sabuwar takarda, yadda duk mai siber da ya danna abin da ya saba, sabuwar za ta fito masa.

Na kira Shef ina murna. Ya ce in jira, sai ya hau kan wani suri a bakin hanya, nan ne kawai rezo ke kamawa. Na ji yana haki. Can sai ya ce, "Madam, wasa kike yi da ni? Ga mamacin nan har yanzu."

Bappa ya ce, "Me ya ce?" Na duba gilashina, a wurina takarda ɗaya ce. To a nan ne akuyarku za ta fara kuka. Shafi yana ajiye hoton fuskarsa ta ɗazu don ya riƙa buɗewa da sauri, kuma in ba ka shiga can ciki ka share wannan ajiyar ba, kai kana ganin sabo, na nesa yana ganin tsoho. Injiniyan Yawunde bai taɓa faɗa mini ba, ba ya cikin littafinsa, ni na gano shi da kaina wata shekara da sanarwar taro ta ƙi canzawa. Rawar jiki ce ta sa na manta. Na shiga na share, na ce wa Shef ya rufe shafin gaba ɗaya, ya ƙirga goma, ya sake buɗewa. Ya ce shi ba ɗan lekol ba ne da za a sa shi ƙirga. Na ce, "Shef, don darajar iyayenka." Ya yi tsaki, amma na ji yana ƙirgawa.

"Ɗaya ce yanzu," in ji shi. "Ina ta mutumin?"

Na karanta masa adireshin harafi-harafi. Ladan yana kiran azahar a masallacin kasuwa lokacin da ya ce ta buɗe. Ya hau motar da kansa, waya a hannu, yana bin bijiman ɗaya bayan ɗaya, Buba yana juya masa su da sanda. Bai kashe kiran ba, muna jin komai: ja mai gutsuren kunne, ga shi, fari mai baƙin wuya, ga shi. Sai ya zo kan na goma sha bakwai. Ya ce, "Cinyar dama. Daidai." Bappa ya zame daga kujera ya yi sujada a kan simintin biro, ni kuwa na yi guɗa, abin da ban taɓa yi a wurin aiki ba. Bijimi ɗaya rana ta riga ta kayar, aka yanka shi a nan kafin ya mutu, aka raba wa mutanen ƙauyen. Ashirin da ɗaya suka kama hanya. Takardar Buba kuwa na cire ta daga shafin tun kafin la'asar, don sirrin cinikin mutum ba na kowa ba ne.

Washegari da hantsi motar ta shigo tiken shanu na Garwa. Bappa ya aiko a ce in zo, na je na tsaya daga gefe. Kasuwa ta cika, har da waɗanda jiya suke tambayar inda mai kora shanu ya samu jari. Aka sa katako, bijiman suka sauko suna layi, suka nufi kwamin ruwa. Buba ya sauko daga ƙarshe, idonsa ja, leɓensa a fashe, bai kalli kowa ba.

Bappa ya kama hannunsa ya ɗaga, ya ce da ƙarfi, "Jama'a, ba jandarma ne suka tsare wannan bawan Allah ba. Ni na tsare shi, da taurin kaina. Sa ɗaya da ya faɗi, daga garkena zai zaɓi madadinsa. Kuma daga yau takardar da 'yar Tanko ta ce a sauke, a sauke, ba sai an zo wurina ba."

Buba ya hango ni a gefe. Ya zaro wata takarda a ninke daga aljihu, ya ratso mutane har inda nake. Tsohuwar takardar rakiyar ce, wadda aka tsare shi da ita. A bayanta Shef ya yi rubutu layi uku da biro, ya buga hatiminsa.

"Adda, useko, don Allah. Ni ban iya karatu ba. Ya ce ya rubuta gaskiyata a nan. Karanta musu."

Na hau kan wani turmi da aka kife, ni da ban taɓa ɗaga murya a gaban maza ba. Na karanta da Faransanci yadda aka rubuta, sannan na juya da Hausa: an bincika dabbobin nan ɗaya bayan ɗaya, an same su daidai da takardar ƙungiya, mallakar mai ɗauke da wannan takarda ne, babu wani zargi a kansa. Aka ɗauki kabbara. Ina shirin sauka sai ya riƙe turmin da hannu biyu, hawaye na bin gemunsa.

"Adda, saura Fulatanci. Ki ɗaga murya, na baya ba su ji ba."

Na gyara tsayuwa na sake daga farko.